Yaya da Na Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa wana rasuwa a tsakiyar noman ranin bana, lokacin da tumatir ya fara nuna. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Na ga yadda aka naɗe tabarmin makoki kowa ya koma gonarsa, na ga yadda zancensa ya fara raguwa a majalisa, sai na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi tun ina iya tunawa.

Mutane sun zo. Rasuwar ta dace da ranar da ake sako mana ruwa a kanal, saboda haka da yawa daga gona suka taho da laka a ƙafafunsu, suka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida. Wani tsoho daga can ƙarshen kanal ya ce tun yana saurayi malaman gona ke zuwa su gaya masa abin da zai yi, amma Malam ne kaɗai ya taɓa zama a kan kunya ya tambaye shi me ya sa yake yin abin da yake yi. Wanda ke kusa da shi ya ce ai tambayar Malam takan sa mutum ya manta ya buɗe wa fangali ruwa, sai ya ji maƙwabci yana kururuwa an cika masa gona. Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake, aka koma addu'a.

Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Kano a mota guda. Yaya ya daɗe yana koyar da zane da sana'ar hannu a kwalejin horar da malamai kafin ya yi ritaya. Ɗaya daga cikinsu, wanda shi ma yanzu furfura ta kama shi, ya ce Malam bai taɓa gyara wa ɗalibi zane da hannunsa ba, sai dai ya tsaya a bayanka ya yi ta tambaya har ka gaji ka gyara da kanka. Abokan aikinsa na da ba su zo da yawa ba. Waɗanda suka zo, bayan sun yi addu'a, suka tambaye ni a hankali ko takardar binciken nan tasa ta fito. Na ce ba ta fito ba. Suka gyaɗa kai kamar dama sun san haka. A cikin gida kuwa, da na shiga in gai da matarsa, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce kawai in gaya wa yara kada su taɓa teburinsa, gilashinsa yana kan takardun.

Kafin a sallace shi liman ya juyo ya yi abin da aka saba. Ya ce marigayi ɗan Adam ne, ya zauna da mutane, duk wanda ya san ya taɓa ɓata masa rai ya yafe masa don Allah. Sahu ya amsa an yafe. Ni ma na amsa. Amma na san akwai mutum ɗaya da ba ya cikin sahun, ba shi ma da hanyar jin rasuwar, kuma shi ne wanda Yaya ya tafi yana neman yafiyarsa. Ban san sunansa ba. Yaya ma bai sani ba. Na Biyu kawai yake ce masa.

Sai na koma baya kaɗan.

Yaya bai iya noma ba. Wannan kowa ya sani, shi ma yakan faɗa. Da ya dawo gida bayan ritaya na yanka masa ɗan fili a gefen gonata, ya mai da shi wurin gwaje-gwaje, kuma ban taɓa ganin an cika kwando ɗaya daga cikinsa ba. Abin da ya iya shi ne kallo. Da hantsi zai sa hula, ya soke biro a gefenta, ya bi bakin kanal a ƙafa. Gilashinsa ya karye a gefe ɗaya, ya ɗaure da zare, ya ƙi sayen wani. Duk inda ya ga manomi ya yi wani abu da ba a koya masa ba, nan zai tsugunna. Ya ga yadda ake lanƙwasa tiyon janyo ruwa a kan wuta don ya zauna a bakin kanal ba ya zamewa. Ya ga waɗanda suka mai da injin ban ruwa ya koma aiki da tukunyar gas da fetur ya yi tsada. Ya ga masu rufe iri da ɓuntun shinkafa, da waɗanda ke yanke kacala, ciyawar nan da ke toshe mana kanal, su shimfiɗa ta su shanya kauɗar tumatir a kai. Mu a wajenmu wannan duk neman abinci ne. Shi kuwa ya ce sunansa ƙirƙira, kuma akwai malamai a duniya da ba su da wani aiki sai nazarinta.

Yana da wata magana da yake yawan faɗa: wanda ruwa ke isar wa a ƙarshe shi ke fara tunani. Ya lura cewa mutanen da ke kusa da bakin ruwa ba su cika sauya komai ba, dabaru daga ƙarshen kanal suke tasowa. A kan wannan ya ce zai rubuta takardar bincike ya aika wa wata mujallar malaman jami'a da ake bugawa da Turanci. Ya ce duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa buga komai nasa ba, yana so kafin ya tafi ya bar abu ɗaya da sunan wannan ƙasa a ciki.

Ko da na yi jikoki, Auta yake ce mini. Yakan zo da la'asar ya zauna a kan turmin da aka kife a zaurena ya ce, "Auta, saurara ka ji wannan," ya karanta da Turanci, sannan ya fassara. Nakan yi ƙoƙari. Amma wanda ya wuni a rana yana ban ruwa, idan ya samu inuwa da murya mai sanyi, ido ba ya jira. Idan na farka sai in ga ya ci gaba da karatunsa, yana yi wa katanga. A majalisa ma idan ya ɗauko zancen, akan saurara na ɗan lokaci don girmansa, sai wani ya tambayi nawa kwandon tumatir ya kai a kasuwar Kadawa, shi ke nan. Abokansa na kwaleji idan ya kira su a waya sukan ce Allah ya taimaka. Matarsa, wadda tun aurensu muke wasan ƙanin miji da ita, takan ce mini, "Kai dai ka zo ka ɗauki yayanka ka ba shi fartanya, takarda ta hana shi cin tuwo da zafi." In ce mata ai ita ta iya tuwon da ake iya jira ya huce. Ta ce in fita mata daga gida, tana miƙo mini kwano.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Wata shekara aka rufe ruwa don gyaran kanal, gyaran ya wuce lokacin da aka faɗa, tumatirina ya fara sunkuyar da kai. Ina tsaye a tsakiyar gona ban san abin yi ba, sai ga Yaya da bironsa, fuskarsa har da ɗan haske, yana tambayata wace dabara zan yi. Na ce masa gonata ce ke mutuwa shi kuma ya samu abin rubutu. Ya ce ai don irin wannan ranar yake rubutun. Na ce to ya ba tumatirin takardar ya sha. Ya juya ya tafi. Muka ɗauki lokaci ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a masallaci. Sai wata safiya na hango shi a kan tsohon babur ɗinsa, ya ɗauro injin ban ruwa a baya, ya aro daga wani tsohon ɗalibinsa a Dawakin Kudu. Muka ja ruwa daga rijiyar maƙwabci. Ya wuni a cikin laka yana riƙe da tiyo, kuma bai iya riƙewa ba, ya jiƙa ni ya jiƙa kansa. Ba wanda ya tayar da zancen faɗan. Da yamma muna wanke ƙafa ya ce, "To yanzu da ka huce, me ka yi niyyar yi da ban kawo injin ba?" Na gaya masa. Ya rubuta.

Shirya takardar ya fi rubuta ta ba shi wuya. Mujallar tana da ƙa'idodi. An ƙayyade yawan kalmomi, nasa kuwa sun ninka, sai da ya zubar da rabi. Ya ce kamar ka shuka ne a ce ka tuge kowace ta biyu. Dole a sa ɗan taƙaitaccen bayani a farko, a jera littattafan da aka duba a ƙarshe bisa wani tsari, kada waƙafi ɗaya ya kauce. Hotunan da ya ɗauka kuma sai da ya koma wajen kowane mai gona ya nemi izini. 'Yarsa ta fari, wadda ke koyar da Turanci a wata sakandare a Kano, ita ke duba masa rubutun. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Takan sassauta masa kalmomi, shi kuma ya yi ta mita cewa ta cire wa miyar barkono.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙa'idar ɓoye suna. Ya bayyana mini cewa idan ka aika, editan mujallar zai ba malamai biyu su tantance. Ba za su san wanda ya rubuta ba, kai ma ba za ka san su ba, don kada sanayya ta shiga. Saboda haka duk abin da zai nuna ko wane ne shi sai ya fita. Ranar ya zo zaure yana dariya ya ce, "Auta, an cire ka. Yanzu kai wani manomi ne kawai." Na ce wannan wane irin alƙalanci ne, mutum ya yanke maka hukunci ba ku gaisa ba? Ya ce shi ne adalcinsu.

A Kura yake aikawa, a wani shagon kwamfuta kusa da tasha, don intanet ɗin garinmu ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Ranar da ya aika ya dawo da tsire a takarda.

Amsa ta daɗe. Da ta zo, mai tantancewa na ɗaya ya yaba a 'yan layuka, ya ce a buga. Yaya ya ce wannan bai karanta ba. Na biyun kuwa ya cika shafuka. Ya bi takardar sakin layi bayan sakin layi, ya ce misalan suna da kyau amma marubucin bai nuna cewa ƙirƙira ce ba. Ta yaya aka san mai lanƙwasa tiyo ba a wajen maƙwabcinsa ya gani ba? Wa ya fara? Idan ba a san wanda ya fara ba, to ai kwaikwayo ake nazari.

Ban taɓa ganin Yaya ya fusata kamar lokacin ba, kuma ban taɓa ganinsa da rai kamar lokacin ba. Ya riƙa yawo a tsakar gida yana jayayya da mutumin da ba ya nan. Matarsa ta ce ta samu baƙo a gida, ba ya ci ba ya sha amma kullum da shi ake hira. Sai Yaya ya koma bakin kanal ya bi sawun tiyon. Wannan ya ce a wajen wane ya gani, wane ya ce shi ma gani ya yi amma ya ƙara lanƙwasa ta biyu, na gaba ya ce shi ya fara sa wuta amma tunanin ba nasa ba ne. Sawun ya ƙare a kan wani mamaci, ɗansa kuma ya ce babansa a wajen wasu makiyaya ya ga makamancin haka. Yaya ya dawo a gajiye ya zauna a kan turmi ya ce ba wanda ya fara, kuma kowa ya fara. Ya sake rubuta takardar a kan haka: ƙirƙirar da ba ta da mai ita ɗaya, tana bin hannu zuwa hannu, kowa na ƙara nasa. Ya ce mini, "Mutumin nan mugu ne, amma shi kaɗai ya karanta ni." Tun daga lokacin ya daina karanta wa katangata. Idan ya rubuta jimla sai ya ce bari mu ga abin da Na Biyu zai ce.

Ya aika gyaran, sai shiru. Damina ta shiga, aka dasa shinkafa, aka girbe, ba labari. Yakan je Kura ya duba ya tarar ba komai. A cikin wannan jiran ne ya haɗu da wani tsohon abokin aikinsa a wajen ɗaurin aure, ya ba shi labari. Mutumin ya ce masa ya yi hattara, irin wannan jinkiri ba banza ba, akan riƙe takardar mutum a kwashe tunanin a buga da wani suna, musamman idan an gane marubucin ba kowa ba ne. Maganar ta shige shi. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ne da ya zuba ƙarshen ƙarfinsa a abu ɗaya, ba shi da wanda zai tambaya.

Da amsar ta zo daga baya, gajeriya ce, Na Biyu yana neman ƙarin gyara. Yaya bai jira 'yarsa ba. Ya hau babur ya tafi Kura, ya sa aka buga masa martani da zafinsa. A ciki ya ce ya gane dalilin jinkirin, mai tantancewar yana riƙe aikin ne don ya amfana da shi, kuma Allah na ganin kowa ko da an ɓoye suna. Da Uwata ta gani ta kira ni a waya, ta ce, "Baffa, ka san abin da Baba ya aika?" Na ce ban sani ba. Ta ce ya kira mutum ɓarawo.

Wannan karon amsar ba ta jima ba. Editar, mace ce, ta rubuta 'yan kalmomi a sama, ta ce tana ba da haƙurin jinkirin baya, an yi wa mai tantancewa na biyu rashi ne a gidansa, ya nemi a ƙara masa lokaci don ba ya so a ba wani takardar. A ƙasa kuma ga bayanin Na Biyu, mai tsawo kamar na farko. Bai ce komai a kan zargin ba. Ya ce takardar ta yi ƙarfi, ta sauya masa tunani a wasu wurare, saura tambaya ɗaya: idan dabara ba ta da mai ita, me ya sa wata ke mutuwa a gona ɗaya, wata kuma ta bi kanal gaba ɗaya? Ya ce idan marubucin ya amsa wannan, zai ba da shawarar a buga.

Yaya ya zo zaurena da takardar a hannu. Bai zauna a kan turmi ba, ya jingina da bango. Ya ce, "Mutum yana zaman makoki, ban yi masa ta'aziyya ba, na aika masa da sata." Na ce ai bai sani ba. Ya ce rashin sani ba ya wanke zato.

Na ce ya rubuta ya ba shi haƙuri mana. Ya ce a shafin mujallar ƙofa ɗaya ce zuwa wajen mutumin, ita ce wurin da ake sa martani tare da takardar da aka gyara. Kuma ko da akwai wata, ba zai je ban haƙuri hannu rabbana ba. Zai amsa tambayar, ya sa ban haƙurin a layin farko. Ya koma bakin kanal. Amma ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Yakan yi tafiya kaɗan ya zauna a kan kunya. Na ce in riƙa kai shi a babur, ya ce a kan babur ba a ganin komai. Ya cika takardu da rubutu, ya soke, ya sake. Ya gaya mini amsar tana kusa, yana jin ta kamar yadda ake jin ruwa na tahowa a kanal kafin a gan shi. Bai faɗa mini ita ba. Ina jin shi ma bai gama kama ta ba.

A asibiti a Kano, wata la'asar, matarsa ta fita alwala, ya kamo hannuna. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Auta, akwai haƙƙin mutum a wuyana. Abin da ke tsakanina da Allah ina sa rai. Wannan kuwa sai mai shi ya yafe." Na ce zai tashi ya nema da kansa. Ya ce in bar wannan zancen, mu ba yara ba ne. Ya ce takardar idan ta fito ta fito, idan ba ta fito ba Allah bai nufa ba, amma mutumin nan in nemo shi. Na ce ta ina zan nemo wanda ba shi da suna? Ya ce ni ne na ƙarshen kanal yanzu, in yi tunani. Ya yi ɗan murmushi. Bai ƙara yi mini wata doguwar magana ba bayan wannan.

Bayan an tashi daga zaman makoki na sa Uwata ta zauna. Na ce ta rubuta wa editar kai tsaye. Ta ce ba a saba haka ba, matar ba za ta ba da suna ba, wataƙila ma abin ya yi mata baƙo. Na ce ba suna nake nema ba, saƙo za a kai. Na faɗa da Hausa tana juyawa. Na ce marubucin takardar ya rasu. Na ce dattijo ne, malamin makaranta mai ritaya. Ya yi wa mai tantancewa na biyu mummunan zato, ya gane kuskurensa, ya yi niyyar ban haƙuri ajali ya riga shi. A al'adarmu da addininmu ba ma so mamaci ya kwanta da haƙƙin wani, saboda haka ni ƙaninsa ina roƙo a isar masa, idan zai iya ya yafe. Na ce kuma a yi masa ta'aziyyar rashin da aka yi masa, daga gidanmu gaba ɗaya. Uwata ta tsaya da bugawa ta share ido, sannan ta ƙarasa.

Muka shiga jira. Tumatir ya ƙare, aka cire albasa, zafi ya sauko. Matar Yaya tana takaba, kullum na shiga gaishe ta takan bari sai mun gama gaisuwa, sannan ta ce, "An ji daga mutumin?" In ce tukuna. Wasan da ke tsakaninmu ya tsaya, ba wanda ya hana, shi ya tsaya da kansa. Wata rana Uwata ta ce saƙo ya shigo akwatin intanet na babanta, na ɗauka amsar ce. Ashe na'urar mujallar ce ke tuna wa marubuci cewa lokacin aiko da gyara ya kusa ƙarewa. Na riƙa tunanin mutumin. Ko Musulmi ne, ko ba Musulmi ba, ko a ƙasar nan yake ko a wata, ko ma mace ce muke ta ce mata shi. Idan ya yi shiru fa? Na tambayi liman, ya ce mun yi abin da za mu iya, sauran na Allah ne. Gaskiya ya faɗa, amma ban samu natsuwa ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Uwata ta zo gida wata Asabar. Ta same mu a tsakar gida, mahaifiyarta tana tsince shinkafa a faifai. Ta zauna ta fito da waya ta ce editar ta amsa. Editar ta ce ba za ta iya bayyana sunan ba, amma ta kai saƙon, ga abin da ya ce. Uwata ta karanta a ranta tukuna, sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Baffa, bai ce ya yafe ba. Cewa ya yi babu abin da zai yafe, Baba bai yi masa komai ba."

Na ce to ai ya yafe ke nan. Mu ma idan aka nemi yafiyarmu me muke cewa?

Mahaifiyarta ta ajiye faifan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Sai a lokacin na ga hawayenta.

Akwai saura. Mutumin ya ce ya gode da ta'aziyyar, matarsa ce ta rasu. Ya ce a watannin da suka biyo baya takardar nan tana cikin 'yan abubuwan da yake iya zama ya karanta. Da zargin ya zo ya gane marubucin mutum ne da aikin ya dame shi ƙwarai, irinsu kuwa ba su da yawa. Ya ce tun da ya aika tambayarsa ta ƙarshe yake duba akwatinsa, yana so ya ga yadda za a amsa masa.

Editar ta ƙara da cewa idan akwai wani a cikin iyali ko abokan aiki da zai iya kammala gyaran, za su karɓa. Uwata ta dube ni. Na dube ta. Mun bincika takardun da ya bari, rubutu ne da soke-soke, kibiyoyi daga wannan gefe zuwa wancan, ba mu iya haɗa su ba. Takardar tana nan a kan teburinsa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya sa tambayoyin kabari su zo masa da sauƙi, ya haɗa shi da iyayenmu da 'yan uwanmu da suka riga shi. Idan tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Bayan kowace sallah idan na gama yi masa addu'a nakan ƙara da mutumin can da ke zaune shi kaɗai a wani gari, in roƙa masa haƙuri da sakayya ta alheri. Nakan ce, ya Allah, kai ka san sunansa.